Ƙahon Tagullar Maigidana

Jikata ke rubuta mini, ni kuka nake yi. Jiya ɗana ya kawo wani mai fataucin kayan kiɗan Turawa, wai ya sayi ƙahon tagullar marigayi maigidana, ɗan badujala, a gyara rufin ɗakina kafin damina.

Duk Juma'a a gidanmu na Bolori yakan goge shi da toka da lemun tsami, ƙamshin ya cika tsakar gida. In na miƙa masa sai ya ce, "Hannu biyu, uwargida, shi ke ciyar da mu."

Na ce, "Ɗana, bar ruwan ya zubo mini." Ya ce gobe za su dawo.

Ya Allah, Ka haskaka kabarinsa, Ka tausasa zuciyar yaron nan kafin gobe.