Gurbin Orval a Kan Tudu

Ana cewa kishi kumallon mata ne. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama kusa da ni a shagon shan kofi na garinmu ba a lokacin da wani ya ambaci sunan Orval Hruska.

Garinmu ɗan ƙarami ne a tsakiyar gonakin masara na Iowa, amma maƙabartunmu biyu. Sabuwar tana bakin titi, kuma ni Merle Tiedemann nake kula da ita tun gashina yana baƙi. Duk mako sai na bi ta da injin yankan ciyawa, in yi feshi, in durƙusa gindin kowane dutsen kabari da almakashi. Ko tsinke ka yar a can sai na gani. Tsohuwar kuwa tana kan tudu, inda 'yan Bohemiya da suka fara zama a nan suka binne nasu. Duk ƙasar nan an nome ta tun zamanin kakanni, har bakin rafi, ban da wannan tudun. Garma ba ta taɓa shiga tsakanin kaburbura ba. Da aka rasa mai kula da wurin, sai aka liƙa wa Orval, don shi ba ya cewa a'a, ba kuma ya cewa to da wuri.

A gindin tudun aka haife shi, auta a cikin maza. Gonar ubansa ta suɓuce masa lokacin da maƙwabta ke sayen manyan taraktoci shi kuma yana nan yana shawara. Ya yi aiki a rumbun hatsi na gari, daga baya ya koma tuƙin motar makaranta, inda yara suka sa masa suna Kunkuru. Komai nasa a hankali. Ko burodin kolaci mai zuma a tsakiya da matan coci ke toyawa, sai kowa ya cinye nasa ya goge baki shi yana kan gutsure na farko. Bai taɓa aure ba.

Aikinsa a maƙabarta bai fi ka faɗe shi da numfashi ɗaya ba. Idan ƙanƙara ta narke a watan Afrilu, ya sa wa tudun wuta, kamar yadda ya ga ubansa yana yi. Sannan ya yanke 'yan siraran hanyoyi zuwa kaburbura, ya koma gida. Kafin kaka, doguwar gambar nan da muke kira ƙafar talotalo ta shanye duwatsun, ta fi mutum tsawo. Ranar ziyarar kaburbura a ƙarshen Mayu, mata su hau tudu da furanni su sauko suna cire ƙaya daga safa suna tsine masa. Su biyo ta wurina su ce, "Kai dai Merle, Allah ya yi maka albarka. Wurinka kamar a shimfiɗa tabarma a kwanta." Ina jin daɗin wannan magana ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Idan muka haɗu a shagon kofi sai ya ɗaga hula ya ce, "Wanzamin matattu, an yi musu aski yau?"

In ce, "An yi, Sarkin Ragwaye. Naka fa, sun sami hanyar fitowa daga dajin kuwa?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ba su yi ƙorafi ba tukuna."

Haka muka yi ta yi har furfura ta fara fito mana. Sai wata rana wata mata daga hukumar kula da daji ta jiha ta ɓata hanya, ta hango tudun, ta tsaya. An ce durƙusawa ta yi cikin ciyawar tana taɓa ganye ɗaya bayan ɗaya kamar wadda ta ga 'yan'uwan da aka ce sun mutu. Wai irin wannan fili shi ne ya rufe jihar gaba ɗaya kafin zuwan garma, yanzu kuwa sai a tsofaffin maƙabartu da gefen layin dogo. Ba a yi wata ba sai ga hoton Orval a jarida, hula a karkace, ciyawa har kunne. Aka kafa allo a ƙofar wurin. Aka hana haƙa sabon kabari sai ga wanda danginsa ke da ragowar gurbi tun da. Motocin makarantu suka fara zuwa daga birni don kallon abin da Orval bai yanke ba.

Ni fa? Gwiwoyina sun lalace a kan aikin nan, ko hoton takalmina ba a taɓa ɗauka ba. Mutum ya yi suna don ya ƙi yin aikinsa! Na faɗi haka a shago, na faɗa a ƙofar coci, na faɗa wa duk wanda ya tsaya. Ashe hassada ga mai rabo taki ce. Manoma da suka gaji da yadda ruwa ke kwashe musu ƙasa a gangare suka fara zuwa neman iri, shi kuma yana ba su kyauta. Yau idan ka bi hanyar rafi za ka ga gamba da furanni masu ruwan ɗorawa a gefen gonaki, bayan makaranta, har bakin titin da ya wuce ta gaban tawa maƙabartar. Duk daga tudun suka sauko.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne Ardis, matata.

Ita ma jinin 'yan tudun ce, iyayenta suna kwance a can. Muna samari, Orval ne abokin rawarta a ɗakin taro duk Asabar, kowa ya ɗauka an gama magana. Amma Kunkuru yana ta nazarin yadda zai buɗe baki har na riga shi. Ta ce to, na ɗauke ta. Ban taɓa kama su da ko kallon banza ba, Allah ya sani. Sai dai da ta bar aikin girki a makaranta, wata rana da kaka ta zare rigunan matashin kai daga kan gadonmu ta nufi ƙofa.

Na ce, "Ina zuwa da rigar matashina?"

"Tsinkar iri. Orval ba zai iya shi kaɗai ba, hannunsa ya fara rawa."

"Shi ba shi da matashi a gidansa ne?"

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Kai tsoho, ka ji kunya mana. Jikoki gare ka."

"Tsohuwar zuma ai da ita ake magani."

"To zo ka tsare zumar taka, ga jaka nan, ka riƙe mana."

Ban je ba. Daga inda nake aiki ana hango tudun, sai in kashe inji in tsaya ina kallon huluna biyu suna nutsewa suna ɓullowa a cikin gamba. Ta dawo da yamma gashinta duk ƙaiƙayi, fuskarta a sake, tana ba ni labarin wani fure mai laushi da ke fitowa lokacin bikin Ista tun ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, da wani mai faɗin ganye da ke nuna kudu da arewa. Rabon da in ga tana zuba irin haka tun yaranmu suna ƙanana. Don haushi na ɗebi irin a ɓoye na watsa a bayan gida, in nuna mata ba wani abin a zo a gani ba ne. Shekara biyu ba abin da ya fito sai 'yan tsirarun ganye. Na bi su da inji. Da Orval ya ji sai ya ce, "Haba Wanzami, ai ƙasa take fara tafiya kafin ta zo sama. Saiwarta ta fi ka tsawo, kai ka hana ta tashi."

Mun riga mun tanadi gurbi biyu a maƙabartata, a jere, ƙarƙashin itacen da na dasa da hannuna. Har dutse na sa aka sassaƙa da sunayenmu biyu. Duk lokacin da kishi ya taso mini sai in je in dubi dutsen nan in ce, su yi ta tsinkar irinsu, ƙarshenta dai nan za ta dawo.

Da ciwon ajali ya kama Ardis, bai ja lokaci ba. Wata safiya ina ba ta kunun alkama a cokali, ta riƙe hannuna ta ce, "Merle, a kan tudu nake so a sa ni. Akwai gurbi ɗaya kusa da Mama."

Na ajiye cokalin. Na san layin nan kamar tafin hannuna. Iyayenta, gurbi ɗaya, sannan dangin Hruska, su ma da ragowar gurbi ɗaya tak a manne da nata. Na Orval.

Na ce, "Ni kuma in kwanta da wa? Da rabin dutse?"

"Ba don kowa ba ne. Ina so in ji iska a cikin ciyawa, ba ƙarar inji duk Talata ba."

"Injina ne fa."

Ta yi 'yar dariya har tari ya sarƙe ta. "Na sani. Na saurare shi ya ishe ni, maigida."

Na so in ƙi. Amma wa zai yi gardama da mai shirin tafiya? Na ce to, zuciyata kamar an zuba mata barkono.

Ba a yarda injin haƙa ya hau tudun ba. Ana gobe jana'iza na je da sassafe, na tarar da Orval a durƙushe da shebur. Mutumin da bai taɓa barin kowa ya tsinki ko fure ɗaya ba sai da izininsa, shi ne yake yanka ƙasar nan gunduwa-gunduwa, kowace da saiwarta, yana jerawa a kan buhu yana yayyafa musu ruwa. Hannunsa na rawa, amma ko ɗaya ba ta farfashe ba. Na karɓi ɗaya shebur ɗin muka haƙa tare. Bayan an rufe ta, ya mayar da kowace gunduwa inda ya ciro ta. Da bazara ta zagayo, ba don ɗan dutsen alama da aka kafa mata ba, ba za ka san an taɓa wurin ba.

Hunturun farko bayan rasuwarta kusan kullum ina can. In tsaya a kanta, idona kuwa yana kan gurbin da ke gefe. Ina lissafa wanda zai riga wani tsakanina da Orval, ina kuma sane cewa ko wa ya riga, shi zai kwanta a nan har tashin duniya, ni ina can ƙasa a bakin titi ina jin wucewar manyan motoci.

Ranar da aka sa wa tudun wuta a Afrilu, bayan hayaƙi ya lafa, ya zo ya tsaya kusa da ni a kan toka. Ya daɗe yana juya hularsa, kamar yadda ya saba.

Ya ce, "Wanzami, wannan itacen naka na ƙasa, yana da inuwa kuwa?"

"Ya fi dajinka."

"To mu yi musaya. Na riga na gaya wa kwamitin maƙabarta. Ka hau nan, ni in sauka can."

Na dube shi. Mutumin da ya ba tudun nan rayuwarsa, wanda uwarsa da ubansa ke kwance a ciki, wanda ya tsani gajeriyar ciyawa kamar me.

Na ce, "Ita ta roƙe ka?"

"Ba ta roƙe ni ba."

"To don me?"

Ya mayar da hula a kai ya ce, "Ba ta saba kwana ba kai ba. Ni kuwa na saba kwana ni kaɗai."

Ya juya ya gangara a hankali, yana taka toka.

Shekara biyu bayan haka muka binne shi ƙarƙashin itacena. Na cire dutsenmu na kai tudu, aka kawo nasa ɗan ƙarami. Na haura tudu da shebur na yanko gunduwa guda daga gefen hanya, inda ya nuna mini ba laifi, na dasa a kansa. Yanzu idan ka wuce ta titi za ka ga fili a share kamar an goge da dutsen guga, sai tsibi ɗaya na ƙafar talotalo a tsakiya, ya fi ni tsawo. Kwamiti sun yi mini magana sau da yawa. Na ce su kawo wani wanzamin, ni dai ba zan yi masa aski ba.

Wutar Afrilu kuwa yanzu ni nake sa wa tudun, ni nake tsinkar iri a rigar matashi. Mutane suna cewa zuciyata ta yi sanyi, na daina kishin Orval. Ba su san komai ba. Da can kishin hoton jarida nake yi, da na huluna biyu a cikin ciyawa, kuma wannan wasan yara ne. Yanzu kishin halinsa nake yi. Ni na aure ta, ni na ci girkinta, ni zan kwanta a gefenta. Amma duk ranar da na zauna a kan gurbin nan na tambayi kaina, da nawa ne tun asali, shi kuma ya zo yana kallo, zan ba shi? Na san amsar. Ba zan bayar ba, ko da ita ce ta roƙa.