Ranar da na yi wa kwalaben Dakta wanka

Shekarun baya, lokacin da arzikin fetur ya sa kowa a Sakkwato yake ganin gobe zai sayi babur, na samu aikin shara da wanke-wanke a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a. Daga Ƙofar Dundaye nake tafiya a keke. Ranar ɗaukar aiki aka tambaye ni ko ina karanta Turanci, na ce ƙwarai kuwa. Ni da na bar firamare a aji uku, don ni da bulala jininmu bai haɗu ba.

Maigidana wani Dakta ne, Kirista mutumin Filato, mai sanyin magana. Yana da kwalabe jere a kan kanta, kowace da gutsuren kwal a ciki, irin mara kyan nan da in ka hura shi sai hayaƙi. Ya taɓa yi mini bayani cewa akwai ƙananan halittu a ciki da ido ba ya gani, suna cin kwal ɗin a hankali har ya narke ya zama abin amfani. Na gyaɗa kai kamar shehin malami. A zuci kuwa na ce boko ta taɓa bawan Allah. Wa ke kiwon abin da ba ya gani?

Wata bakwai yana kiwonsu. Sai aka ce gwamnan soja zai kawo ziyara, kuma kwalaben ne Dakta zai nuna masa, ko a ba shi kayan aiki ya ci gaba. Mu kuma aka ce duk wanda aka ga datti a sashensa ya kuka da kansa. A zamanin soja har duwatsun bakin hanya farar ƙasa ake shafa musu.

Na dubi kwalaben nan: ruwa baƙi ƙirin, fumfuna a sama, wari kamar kwata. Akwai takarda da jan rubutu manne a jikin kantar. Na ƙura mata ido, ta ƙura mini. Tambaya kuma tonon asiri ce. Sai na tuttule su a gindin dogon yaro, na sa toka da soso na wanke su har suna ƙyalli. Har tsayawa na yi bakin ƙofa ina jiran yabo.

Sai ga Dakta ya shigo. Ya ɗaga kwalba ɗaya a hasken taga, ya ajiye. Ya dubi takardar, ya dube ni, ya ɓalle ta ya sa a aljihu.

Shugaban sashe ya iso yana huci, ya ce duk wanda ya yi wanga aiki yau zai bar jami'a. Ni kuwa ina gefe riƙe da tsintsiya.

Dakta ya ce, "Laifina ne, ranka ya daɗe. Na manta ban manna takardar gargaɗi ba."

Gwamna ya zo, ya ga kwalabe fes, ya yaba tsabta, ya wuce. Kayan aiki ba su zo ba. Daga ranar, kullum bayan an tashi Dakta yakan zaunar da ni ya koya mini karatu, bai taɓa faɗin dalili ba. Ni kuma kullum ina cewa gobe zan roƙi gafararsa, har shekara ta zagayo ya koma garinsu.

Da aikin nan na ciyar da gida har na yi ritaya, kuma har yau in na tuna, abinci ba ya mini daɗi. Jikanyata tana karatun halittun nan yanzu. Kwanaki ta ce, "Angona, ka san akwai masu cin kwal?" Na ce na sani, har wanka na taɓa yi musu. Ta yi ta dariya. Ni ban yi ba.