Kawo Jakarka In Riƙe Maka

Ni ɗan Dumega ne, kuma kafin in lalace ni ne yaron da iyaye ke nuna wa 'ya'yansu. Na ci bak, jarabawar gama sakandare, na samu tallafin karatu zuwa wata ƙasar Larabawa. Can na faɗi jarabawa, aka yanke tallafin, kunya ta hana ni dawowa gida.

Na fara da tarbar sababbin ɗalibai a filin jirgi, ina raka su masauki suna ba ni na shayi. Ɗan Arewa ba ya ɓoyuwa: ƙamshin daddawar da uwarsa ta cusa masa a jaka zai tona shi. Da na ce, "Lahiya lau kunka zo?" sai ka ga yaro ya saki jiki kamar ya ga wansa. Daga na shayi na koma satar waya, daga nan na haɗu da masu sayen fasfo.

Isufu ɗan Matankari ne, likita ya zo karanta. Na ce, "Ƙanena, garin ga ɓarayi sun yi yawa. Kawo jakarka in riƙe maka." Har godiya ya yi. Fasfonsa da takardun makaranta duk suna ciki. Na ajiye shi gaban wani shago, na sulale. Daga baya na ji rajista ta wuce shi, an mayar da shi gida.

Da aka kama ni, babu mai jin Hausa a gidan kason. Harshen da na yi farauta da shi na rasa wanda zan yi wa. Bango nake gaisarwa da safe. Ba wanda ya taɓa zuwa duba ni, kuma ban ga laifin kowa ba.

Bayan an sake ni an maido ni gida, na sauka a tashar Dogon Dutsi, na kira ɗan kabu-kabu mai babur. Sai da ya juyo na gane Isufu ne. Na miƙa masa jakata ya ɗora a gaba kamar yadda ake yi.

"Riƙe kayanka da kanka, yaya," in ji shi. "Kai ka koya min."

Har Dumega ya kai ni. Na tuba ga Allah, amma bakina ya kasa roƙon Isufu gafara.

Ku masu fita karatu, ku nemi ofishin makarantarku da ƙungiyar ɗalibai tun kuna gida, ku san sunan mai tarbarku. Fasfo ya zauna a jikinku, hotonsa a wayarku. Wanda ya yi muku Hausar gida, ku amsa gaisuwa, amma kada ku ba shi jaka. Wanda kuma ya faɗi jarabawa, ya dawo gida da kunyarsa. Tawa ta yanzu ta fi waccan nauyi, kuma duk ranar kasuwa sai ta wuce ni a kan babur.