Ƙumar Kyanwata da Daɓen Kaka

Wallahi ƙamshin nan ne! Jiya na bi ta wani gida a hanyar Tsanyawa, sun jiƙa makuba za su yi daɓe, kawai sai na tsaya cak, kyanwata ta faɗo mini a rai.

A shekarun nan ne da ruwa ke ɗaukewa tun gero bai yi ido ba. Ɗan damin iri kaɗai ya rage mana a rumbu, ita kuwa ke tsare shi daga ɓeraye. A gefen tabarmata take kwana. Bazara na shigowa ta fara susa, mu ma muka kama. Ƙuma! 'Yar mitsitsiya, ba ta da fiffike, amma kana kai yatsa ta yi tsalle ta ɓace. Ƙafafun ƙanwata duk suka yi ruɗu-ruɗu.

Baba ya ce ya gaji. Ranar kasuwa ya sa kyanwar a buhu ya kai wa ɗan'uwansa a ƙauyen gaba. Na sha kuka.

To, ka san me ya faru? Abin ƙaruwa ya yi! Kana shiga ɗaki su yanyame maka ƙafa. Ga ɓeraye sun samu sake, da rana tsaka ana jin ɓarzarsu a rumbu.

Kaka ba ta yi wa Baba magana kai tsaye, ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa. Ni ta kira, shi kuma yana zaune yana gyaran fartanya.

"Maigidana, zo nan da ƙafafunka kamar na zabo. Gaya wa mutumin can, ya kori mai ciyar da baƙi ya bar mu da baƙin."

Baba ya sunkuyar da kai.

Ta ja ni ɗaki, ta ɗaga tabarma, ta ƙwaƙulo ƙura daga tsagar ƙasa ta zuba a tafinta. Na ga wasu fararen ɗigo-ɗigo kamar gishiri, da 'yan tsutsotsi suna motsi.

"A jikin kyanwar suke ci, a nan suke girma," in ji ta.

Aka share ɗakin tas, aka ƙone sharar, aka baza tabarmi da tsummoki a rana. Matan maƙwabta suka zo da madaɓai, ana yayyafa ruwan makuba ana bugu, har ƙasa ta yi sumul, babu tsagar da ko tsinke zai shiga. Ba wanda ya ce wa Baba komai. Shi ya hau kekensa ya dawo da kyanwar. Kaka ta riƙa taje ta kullum, tana tsoma matajin a ruwan sabulu, ni kuma shara safe da yamma, har cizo ya ɗauke.

Yanzu da nake karance-karance a waya na ga ashe haka ne: yawancinsu ƙwai ne da tsutsa a ƙasa, wasu ma sai su lafe har sai sun ji motsi. Yau ga siminti, ga magani a shago, amma sai ka ga an baɗe dabba an manta da ƙasan tabarma.

Irin geron nan dai ya kai damina, da shi muka yi shuka. Ku fa, a gidanku wa aka kora, ƙumar ko kyanwar? Ku ba ni labari.