Sifika Mai Wat Dubu da Kunnen Inna

Ranar da na karɓo motata ta farko daga hannun wani dillali a Tsafe, har shanun da ke tsallaka titi sai da na yi wa hon na gaisuwa. Tsohuwa ce, ƙofar baya sai an lallashe ta take buɗuwa, amma ni ji nake duk Gusau ba mai irinta. Aibinta ɗaya: sifikokin da ke ƙofofinta sun yage, da an kunna rediyo sai su kama karkarwa.

Wannan kuwa ya dame ni, don akwai abin da na ƙulla. Innarmu tana Bungudu, kunnenta ya yi nauyi. Autanta, ƙanena, shekara uku ke nan yana aiki a Fatakwal, kullum sai ya turo mata saƙon murya ta wayata. Ƙarar wayar ba ta kai mata. Na kawo abin sawa a kunne, ta ce ba mai cusa mata igiya a kai tana da ranta. Sai dai in saurara, in duƙa in kwarara mata abin da ya ce. Ita kuma ta kan kau da kai.

"Muryarka nika ji, ba tashi ba," in ji ta.

To, ga mota ta samu. Na ce wallahi sai Inna ta ji autanta da kunnenta.

Mu 'ya'yan manoma ne, a wurinmu abin da ya fi nauyi da yawan lamba shi ne mai albarka. Na shiga shagon kayan mota na ce a ba ni sifikar da ta fi kowace. Aka sauko da wani kwali, an rubuta wat dubu da jan rubutu ɓaro-ɓaro. Na ɗaga na ji nauyi, raina ya yi fari tas. Da kaina na ɗaura sifikokin da ke ciki, ina waƙa, na kama hanyar Bungudu ina dariya ni kaɗai.

Aka fito da Inna, aka zaunar da ita gaba, matan gida suka kewaye mota. Na haɗa waya da rediyo, na murɗa. Murya ta fito can ƙasa-ƙasa kamar mai magana cikin tulu. Na ƙure ƙarar, sai ta koma gurnani, rediyon ya ɗau zafi. Inna ta jira, ta jira, sannan ta dube ni.

"An fara, ko tukuna?"

Kunya ta kama ni har wuya. Matan gida kuwa dariya har da riƙe ciki.

Washegari da safe na kai motar wurin wani dattijon rewaya, mai gyaran wayoyin mota a Gusau. Ya juya kwalin, ya nuna mini wani ƙaramin rubutu a gefe da ban ko kalla ba.

"Malam, dubun ga ta talla ta. Abin da taka ɗauka na ƙiftawar ido ɗai na. Ƙaramar lamba aka dubi, ita ta abincinta na kullum. Kuma ko ita ta fi ƙarfin rediyonka, da ba ya ba kowace ƙofa abin da ya wuce sha biyar zuwa ashirin. Ka ɗaura wa jaki garmar shanu."

Na ce to a sa wa motar amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfi. Ya ce ba na bukata, tunda magana nake son a ji, ba gidan biki zan buɗe ba. Ya ɗauko wasu 'yan sifikoki marasa nauyi, ƙaramar lambarsu dab da ta rediyona, ya ce irin waɗannan wuta kaɗan ke tashe su. Na ɗaga su a tafin hannu, na ji kamar faifai. Gaskiya na raina su, har na tambaye shi ko wasa yake yi da ni. Bai kula ni ba, ya ɗaura, ya murɗa rabi. Mai labarai ya yi magana tar, sai da na waiwaya kujerar baya. Na rungume dattijon nan da baƙin mai a rigarsa, yana ture ni yana cewa in bari.

Kafin azahar ina Bungudu. Inna ta ce ita ba ta sake fita a yi mata dariya, sai da na yi ta roƙo. Ta zauna, ta harɗe hannu. Na rufe gilasai, na danna.

"Inna, ina kwana? Ni ne."

Ta zabura, ta dafa ƙofar da muryar ke fitowa. "Lahiya lau, auta," ta ce wa ƙofar. Na buɗe baki in gaya mata ba ya ji, ta ɗaga mini hannu. Ta saurara har ƙarshe, ta ce a maimaita. Sau uku muka maimaita, ina ta washe baki ina jiran yabo.

Sai ta juyo, ido cike da hawaye, ta kai mini duka a kafaɗa.

"Mura shika yi! Ji hancinai a toshe. Kullum ka yi ta ce mini lahiya lau shike, lahiya lau shike. Buɗe abin ga in gaya mishi shi sha citta."