Ranar da Carbina Ya Tsayar da Mota

Har gobe ban manta da Asabar ɗin da na sha gaban motar Alhaji Garba na baza hannuwa ba, ni Sale, da ko akuya sai na ba ta haƙuri kafin in kore ta.

A shagonmu na Haɗejiya muna haɗa akwatin da ke sarrafa famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana. Babban aikinsa shi ne ya kashe famfo in ruwa ya janye, kafin ya zuƙi iska ya ƙone. Alhaji Garba ne mai shago. Injiniya Falmata ke rubuta umarnin a kwamfuta. Ni iyakata firamare. Nawa in jona waya, in ɗora umarnin a akwati, in gwada a baho.

Rubutun Injiniya ba ya shiga akwati sai wata manhaja, kwamfaila, ta juya shi zuwa abin da na'ura ke ganewa. Saiti biyu gare ta. A na gwaji, akwai wata lamba da ake kafewa a ɗaya tun wajen juyawa, sai akwati ya riƙa faɗa wa kwamfuta duk abin da yake yi. A na fita, lambar sifili ce, kuma an umarci kwamfaila ta tsuke komai, ta zubar da duk layin da ta ga ba za a bi ta kansa ba.

Mako guda muna gwada akwatuna arba'in na manoman Kirikasamma da saitin gwaji, duk lafiya lau. Ran Asabar da safe Injiniya ta ba ni na saitin fita. Alhaji ya ce kar in taɓa baho, rubutun ɗaya ne, shinkafar mutane na jiran ruwa.

To ni duk sanda nake ɗora umarni a akwati, istigfari nake yi da carbina, kuma kullum a na talatin da uku ake gamawa. Ran nan a ashirin da shida ya tsaya. Na biyu ma haka. Na nufi wajen Injiniya.

"Injiniya, bakwai sun ɓata."

"Bakwai na me, Baba Sale?"

"Na carbi."

Ta yi dariya har da riƙe teburi. "Ai sauƙi ya yi! Surutun gwaji aka zubar."

Na ce to. Na gama arba'in, aka loda a motar Alhaji. Amma a sallar azahar na kasa tuna raka'a nawa na yi. Famfo ɗaya in ya ƙone, gonar mutum ce ta shekara. Ina fitowa na ga an tayar da mota, sai kawai na tsinci kaina a gabanta.

Alhaji ya leƙo. "Sarkin Fargaba, yau kuma wa ya mutu?"

"Ranka ya daɗe, akwati ɗaya. Baho ɗaya. In na yi ƙarya ka aske mini gemu."

"Wallahi da hannuna zan aske shi."

Aka sauke ɗaya. Masu walda na maƙwabta suka taru kallon aski. Na jona, famfo ya ɗauka, na zare tiyo daga ruwa. Da na gwaji ne, kafin in ƙirga biyar ya mutu. Biyar. Goma. Ashirin. Famfo na ta gurnani a busasshe!

Jama'a, ban san lokacin da na cire hula na fara tsalle ba. "Bai mutu ba! Alhaji, bai mutu ba!" Ina dariya, ina shafa gemuna, ina zagaya baho, sai da Injiniya ta daka mini tsawa: "Baba Sale, kashe shi mana, ƙonewa yake!"

Ta buɗe kwamfuta, ba a jima ba ta dafe kai. Ashe layin da ke duba ruwa ta sa shi a cikin surutun gwaji, don ta riƙa ganin awon. Da lamba ta koma sifili, ya tafi. Kwamfaila kuma ta ga tunda babu mai sake duba ruwa, amsar kullum "akwai" ce, sai ta zubar da umarnin kashewa ma. Abin da aka sa ta ta yi, ba ƙari.

Injiniya ta fitar da layin waje ta sake juyawa. Na ɗora arba'in, na tsoma tiyo sau arba'in, na zare sau arba'in, kowanne ya mutu a kan biyar, masu walda na tafi kamar ana kokawa. Bayan la'asar mota ta tashi.

Ku da kuka zo bayanmu, abin da na koya ke nan: abin da zai fita shi ake gwadawa, ba ɗan'uwansa ba. Kuma mai ilimi na gaske ba ya jin kunyar tambayar mai firamare. Har yau in Injiniya ta canza saiti, sai ta leƙo ta ce, "Baba Sale, nawa?"

Yanzu ashirin da takwas ne. Kuma nakan ƙirga sau biyu.