Hannuna da ƙwayar kuturta

Ni da wuta muke tun ina yarinya, ba a taɓa cewa na ƙone ba. Sai ran nan ina sauke tukunyar tuwo, uwar mijina ta daka mini tsawa wai in saki. Na duba, ashe yatsuna biyu sun tashi sun yi ruwa, ni kuwa ko alamar zafi ban ji ba. Dama akwai wani tabo fari-fari a damtsena da nake cewa makero ne. Tsohuwar ta kalli tabon, ta kalli yatsun, ta yi salati ta shige ɗaki. Babu wanda ya furta kalmar kuturta a gidan, amma da yamma aka ware mini ƙwarya da ludayi.

Wannan kafin Turawa su tafi ne, a ƙauyenmu da ke tsakanin Burumburum da Tudun Wada. A da, wanda ciwon nan ya kama sai dai saiwoyi da rubutu, yana kallo yatsunsa su guntule. Ni na zo a kan gaɓa, don lokacin aka fara raba wata 'yar farar ƙwaya a Tudun Wada. Malamin asibiti yakan zauna a gindin tsamiya da teburinsa, mu yi layi, ya sa maka a baki, ka haɗiye a gabansa, ka buɗe baki ya gani. Da farko na raina ta. Abin da bai kai ƙwayar masara ba, shi zai kori cutar da ta gagari kakanninmu? Mijina ya ce in daina surutu in haɗiye.

Ni ba tabon ne ya dame ni ba, zane yana rufe shi. Jin hannuna nake so ya dawo. Lokacin da na haifi ɗana na fari hannun nan lafiyarsa ƙalau, amma kunyar ɗan fari ta hana ni ko shafa kansa a gaban mutane. In ba shi nono ina kallon bango, in miƙa wa kakarsa. Da aka yaye shi ma ɗakinta ya koma. Ina ta cewa a raina na biyu nawa ne, zan dama da shi son raina. Wa ya gaya mini hannun ba zai jira ba?

Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa, ni dai ban fasa layi ba, har da tsohon ciki. Tabon ya dushe, yatsuna ba su guntule ba. Lokaci-lokaci malamin yakan ce in rufe ido, ya shafa mini auduga a tafin hannu, in na ji in faɗa. Haka zan tsaya ido rufe kamar wawuya, ina jira, har ya ce in buɗe, ya gama. Nakan dawo gida da takaici fal cikina, in rasa wa zan zaga.

Na haifi mace. Uwar mijina ce ke mata wanka, ita ke goyonta, ni nono kawai, shi ma sai an naɗe ta a zane. Ban yi musu ba, don ni ma tsoro nake ji.

Yarinyar ta fara zama ke nan malamin ya duba ni, ya ce cutar ta mutu, ba zan shafa wa kowa ba. Matan layi har da guɗa. Na tambaye shi jin hannun fa, yaushe?

Ya ce, "Baiwar Allah, ƙwayar nan cutar take kashewa. Abin da cutar ta riga ta kashe, ba ni da maganinsa."

Na yi godiya, na ba ta bayana wuri.

Da muka koma gida mijina ya ba uwarsa labari. Tsohuwar nan har da hawaye. Ta ɗora ruwa, ta wanke yarinyar, ta shafe ta da man shanu, sannan ta miƙo mini ita tsirara, ba zane ba komai. Na karɓa. Ina ganin yatsuna a kan cikinta, ina ganin yadda fatar ke lotsawa, amma da ita da ƙullin gero duk ɗaya ne a tafina, nauyin kawai nake ji a kafaɗa.

Tsohuwar tana murmushi ta ce, "Kin ji laushi ko, 'yar nan? Kamar auduga."

Na ce, "Na ji, Inna."